Yaron Da Kullum Ake Turawa Gola

Yau ni kaɗai ne, babu baƙo, kuma daga gida nake magana, nan Kusa cikin ƙaramar hukumar Jibia. In kun ji kukan akuya ko ƙarar babur a bayana, ku yi haƙuri, situdiyon namu zaure ne. Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, za a saka maku shi a rubuce a shafi kamar yadda muka saba.

Maganar yau wani zai ce ƙarama ce. A kan wasan yara ne. Na san akwai mai cewa, kai wane, duk matsalolin da suka dabaibaye Jibia ka rasa abin ɗauka sai wasa? Ka bari in ba ka labari tukuna, in na gama sai ka yanke hukunci.

Ina da ɗan yayata, shekararshi tara. Da na dawo daga hidimar ƙasa na sayo mashi ƙwallo a Katsina, irin ta roba ɗin nan mai araha. Na ɗauka zai yi tsalle ya rungume ni. Ya karɓa, ya yi godiya da ladabi, ya je ya tura ta ƙarƙashin gado. Kwana uku ba ta fito ba. Rana ta huɗu da la'asar na ce ɗauko ta mu je waje. Muka tarar da yaran unguwa suna bugawa a wani ɗan kango. Da suka ga sabuwar ƙwallo sai murna, aka raba ƙungiya biyu. Kowa aka zaɓa, shi ne na ƙarshe, kuma ba tare da an yi shawara ba aka ce ya shiga gola. Kun san a wasan yara ba gwani ake ba gola ba, wanda ba a san inda za a saka shi ba ake turawa can. Aka bugo ƙwallo, ba da wani ƙarfi ba ma. Yaron nan ya rufe ido, ya juya baya, ta wuce. Aka fashe da dariya. Aka sake bugowa, ya miƙa hannu bayan ta riga ta shige. Kafin a yi minti goma ya zare jiki ya dawo kusa da ni, ya ce, Kawu ni fa ba na son ƙwallo.

Da muka koma gida na ba uwarshi labari. Ta ce ai rabu da shi, rago ne, haka Allah ya yi shi, ba ya son motsi. Har na kusa yarda. Da dare ina kwance sai na riƙa lissafi. Yaron nan an haife shi wajajen 2016. Shekarun da ya kamata a ce yana guje-guje a waje, daga uku zuwa takwas, su ne daidai shekarun da a yankin nan uwa ba ta yarda ɗanta ya yi nisa da ƙofar gida ba. Ba a taɓa jefa mashi abu an ce ya cafe ba. Bai taɓa yin langa ba. Bai san yadda ake faɗuwa a tashi ana dariya ba. To ta ina zai iya? Da ya ce ba na so, abin da yake nufi shi ne ban iya ba, kuma na gaji da a yi mani dariya.

A nan nake son mu tsaya, don wannan ne jigon maganar.

Mu manya muna ɗauka gudu da tsalle da jifa da cafewa abubuwa ne da ke zuwa da kansu, kamar fitowar haƙori. Ba haka ba ne. Rarrafe da tafiya, e, yaro mai lafiya zai kai gare su. Amma ka cafe abin da aka jefo maka, ka doki ƙwallon da ke tafiya, ka tsaya da ƙafa ɗaya ba ka tangaɗi ba, ka yi gudu ka kauce wa mai bin ka, waɗannan koyonsu ake yi, da maimaitawa sau ɗaruruwa. Ido ne ke koyon auna nisa da sauri, hannu da ƙafa su koyi amsa mashi a kan lokaci. Masana motsa jiki suna kiransu dabarun motsi na tushe, kuma suna kwatanta su da baƙaƙen karatu. Wanda bai san a, ba, ca, da ba, in ka miƙa mashi jarida zai ce maka shi ba ya son karatu.

Wani malami a Amurka, Vern Seefeldt, tun 1980 ya yi maganar cewa akwai wani shinge na ƙwarewa. Yaron da bai tsallake shi ba, wato bai samu waɗannan dabarun daidai gwargwado ba, zai sha wahalar shiga wasannin da suka fi su sarƙaƙiya. Daga baya a 2008 David Stodden da abokan aikinshi suka fito da wani bayani da har yau ake yawan komawa gare shi. A taƙaice suka ce abin zagaye yake yi. Yaron da ya iya motsi yana ganin kanshi a matsayin wanda ya iya, sai ya ƙara shiga wasa, shigar ta ƙara mashi ƙwarewa da ƙarfin jiki, ƙwarewar ta ƙara jawo shi. Wanda bai iya ba kuma nashi zagayen ƙasa yake yi da shi: ya ga bai iya ba, ya ja baya, ja da bayan ya hana shi koyo, tazarar da ke tsakaninshi da sa'o'inshi ta ƙaru, ya ƙara ja baya. Akwai wani abu da suka lura da shi wanda ya taɓa ni. Ƙaramin yaro ɗan shekara huɗu ko biyar bai san bai iya ba. A ganinshi duk duniya babu mai gudunshi. Sai ya ɗan tasa, ya fara auna kanshi da wasu, sannan gaskiya take bayyana gare shi, kunya ta shigo. To ɗan yayata ya shigo fili daidai lokacin da idon kunyar ya buɗe, hannu kuwa bai koyi komai ba.

A Ostareliya ma wata mai bincike, Lisa Barnett, ita da tawagarta sun gwada yara a firamare, suka sake neman su bayan sun shiga sakandare. Sakamakon da suka fitar a 2009 ya nuna waɗanda suka fi iya jifa da cafewa da dukan ƙwallo suna ƙanana, su ne suka fi kasancewa masu motsa jiki da suka zama matasa. Ku lura, ba ƙarfi aka ce ba, iyawa aka ce.

Me ya sa zai dame mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashi ya ɗaga. Kuma a 2019 ta fitar da wani nazari a kan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, aka ga kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa wannan ma'auni. Mata kashi 85, maza kashi 78. Wato ba matsalar Turawa kaɗai ba ce. Hawan jini da ciwon suga kuwa, ba sai na gaya maku ba, kowa ya duba danginshi. Da ana cewa ciwon masu kuɗi ne, yanzu har cikin ƙauye ya shigo.

Amma ga inda manya ke kuskure. Babu yaron da zai fita wasa don kada ya yi hawan jini yana shekara hamsin. Babu shi. Yaro na fita ne don abin na mashi daɗi. In ya daina daɗi, ya daina. Iyawa ke kawo daɗin, daɗin ke sa shi ya dawo gobe ba tare da an tura shi ba.

Abin da ke ba ni mamaki, kakanninmu ba su karanta Stodden ba, amma sun gina makarantar wannan abu tun tuni. Sunanta dandali.

Ku ɗauki langa. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, kana kare wanda aka saka ruwa har ya kai wurin sha, ana ture ka kana turewa. Wallahi babu wani kocin zamani da zai ƙirƙiro darasin daidaita jiki da ya fi wannan. Ga ƙarfin ƙafa, ga dabara, ga aiki tare. Har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin langa, tare da dambe da kokawa, amma ka tara yara goma a unguwarku yau ka ga nawa ne suka san dokokinta. Ku ɗauki 'yar gala-gala ta 'yan mata: a zana gidaje a ƙasa, ki jefa dutse ya faɗa daidai gidan da kike so, ki bi da ƙafa ɗaya ba ki taka layi ba. Jifa ne da tsalle da saiti a wuri ɗaya. Carafke kuwa, ki cilla tsakuwa sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe ta sama kafin ta sauka, wannan ai horon ido da hannu ne zalla. Ga gaɗa, inda yarinya za ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su ɗaga ta, ana tafi ana waƙa. Sai kin yarda da jikinki, kin yarda da mutanen da ke bayanki. Ga wasan ɓuya, ga garen taya, ga ƙwallon tsumma da muke ɗaurewa da kanmu, ga kokawa a kan yashi bayan kaka.

Kuma dandali na da wata hikima da ba mu cika lura da ita ba. Manya da ƙanana a haɗe suke. Ɗan shekara biyar yana gefe yana kallo, gobe a saka shi don cike gurbi, yayyenshi na sassauta mashi. Ba maki, ba jarrabawa, ba wanda ya aiko ka. In ka faɗi a yi dariya, amma kowa ma ya faɗi jiya. Kafin yaro ya kai shekara goma ya yi jifa da tsalle sau dubbai, shi kuma a saninshi wasa kawai yake yi.

Ba ina cewa da can aljanna ba ne. Akwai cin zali, akwai wanda ake mayarwa abin tsokana, akwai mai naƙasa da ake bari a gefe. Na sani, don ni ma ba gwani ba ne, an sha kayar da ni. Amma dai filin yana nan, kuma kullum a buɗe yake.

Me ya rufe shi? A nan yankinmu amsar farko kowa ya san ta. Tsoro. Wasan farin wata ya mutu a garuruwa da yawa saboda da an yi isha'i kowa ya kulle ƙofa, wani lokacin ma tun magariba. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020 aka rufe makarantu, iyaye kuma suka ƙara ƙanƙame 'ya'yansu, kuma babu mai ganin laifinsu. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka yi gudun hijira zuwa cikin Jibia, mata da yara. Yaron da ya taso yana kwana da takalmi kusa da kai, yana jin uwarshi na cewa yi shiru a duk lokacin da ya ɗaga murya, gudun da ya sani ba na wasa ba ne. Wannan magana tana da nauyi, ba zan ja ta ba, duk mun gani da idonmu.

Na biyu, filayen da kansu. Ku tuna inda kuka yi wasa kuna yara, ku je ku duba yau. Ko an yanka shi fuloti, ko shago ne, ko an zagaye da bulo. Na uku waya, amma ni ba na ɗora mata laifi kamar yadda ake yi. Yaron da aka hana fita, aka hana shi fili, wayar ce kaɗai wurin da ya rage mashi da zai ci wasa. Ɗan yayata a wasan ƙwallo na waya gwani ne, har ni yana ci. A can ba wanda ke mashi dariya.

Sai makaranta. A takarda akwai darasin lafiya da motsa jiki a manhajar firamare da ƙaramar sakandare. A zahiri kuwa, ni a makarantar da na yi, a allo ake rubuta mana shi. Mun haddace tsawo da faɗin filin ƙwallo, mun rubuta a jarrabawa, ba mu taɓa taka shi tare da malami ba. Sai in gasar gidaje ta matso, a zaɓi mutum biyar masu gudu, sauran mu zama 'yan tafi. Wato wanda ya riga ya iya shi ake ƙara koya wa, wanda ya fi buƙata shi ake zaunarwa.

Kuma ga abin da ya fi ci mani rai. Yaushe muke haɗuwa da motsa jiki na gaske a makaranta? Lokacin horo. Ka makara, tsallen kwaɗo. Ka yi surutu, kama kunne ka yi ta tashi da zama. Ba ka yi aikin gida ba, zagaye fili sau goma cikin rana. Akwai ranar da wani malaminmu ya sa mu tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa har aji, kwana uku ba na iya durƙusawa, sallah ma da ƙyar. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma haka aka yi mashi. Amma ku duba darasin da muka koya wa ƙwaƙwalwar yaro: gumi azaba ne, gudu sakamakon laifi ne. Shekara goma sha biyu kana koya mashi haka, sannan ya girma likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ka yi mamakin ya ƙi? Malamai masu saurarona, ku gafarce ni, ina girmama ku, na san aji ɗaya yara ɗari ba wasa ba ne. Amma don Allah a nemi wata hanyar horo.

Yanzu bari in amsa wa wanda na san yana ta jira. Zai ce, kai ɗan boko, yaranmu na bakin iyaka motsi ya yi masu kaɗan? Ga su nan suna tura baro, suna ɗaukar jarka, suna talla tun safe har yamma, suna ɗibar ruwa, suna gona. Gaskiya ne. Ka je Magama ka tsaya awa ɗaya ka ga irin kayan da yara ke ɗauka a hanyar Ɗan Isa da Maraɗi. Kuma tun da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Jibia a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, gidaje da yawa sun karye, yara suka shiga neman na kai wa baka. Ta fuskar ƙona ƙarfi, waɗannan sun wuce minti sittin nesa ba kusa ba. Amma wahala daban, wasa daban. Ɗaukar jarka motsi ɗaya ne ake maimaitawa, ba ya koya maka cafewa ko kaucewa, sai dai ya gajiyar da baya da wuya. Kuma babu zaɓi a ciki, babu daɗi. Shi ya sa ranar da yaron nan ya girma ya samu babur, ba zai ƙara taka ƙafa ko zuwa masallacin unguwa ba. A wurinshi zama shi ne alamar an huta da talauci. Mu faɗa wa juna gaskiya, haka muke kallon abin: in mutum ya yi tumbi sai mu ce hutu ya zo.

Wanda kuma ya ce ana yunwa kana maganar wasa, ba zan yi gardama da shi ba. Yaro mai tamowa ba ya wasa, kuma masu aikin jinya ma suna lura da hakan, in yaro ya fara wasa da murmushi alamar sauƙi ce. Ba banza ba ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin tamowa a jihar Katsina tun 2021. Abinci ne farko, tsaro ne farko. Abin da nake cewa, wasa ba ya cin kasafin da zai rage na abinci. Kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, a sashe na 31, ta saka wasa cikin haƙƙoƙi, ba cikin alfarma ba. Tun bayan sulhun da aka ƙulla a Jibia a farkon 2025 ana ta maganar kasuwa da gona da makaranta, kuma daidai ne. Ni dai ban ji ana maganar dandali ba. Yaran da suka rasa shekarun nan ba za su tsaya jiranmu ba, girma suke yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan mata fa? Nan abin ya fi tsanani. Yarinya na shekara tara ko goma za a fara ce mata ke mace ce, daina guje-guje. Shi namiji ko ba komai yana da kango da ƙwallo. Ita daga aikin gida sai talla sai Islamiyya. Gaɗar da ta rage mata, ita ma ta yi ƙaranci. Ba ina cewa a fitar da su titi ba. Akwai tsakar gida, akwai harabar makarantar mata, akwai malamai mata, akwai sutura. Kuma ga masu jin kamar addini ne ya hana, ku tambayi malamai labarin tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, bayan shekaru shi ya wuce ta. Yana cikin littattafan hadisi. Waɗannan 'yan matan su ne gobe za su ɗauki ciki, su yi naƙuda, su yi goyo. Jiki mai ƙarfi a wurinsu ba ado ba ne.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, na masu ɗoki. Uba ya ga ɗanshi na taɓa ƙwallo, sai ya fara hango Ahmed Musa, ya fara hango dala. Daga nan wasa ya zama aiki, in yaro ya yi kuskure a hau shi da faɗa. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna bayanin cewa sha'awar da ke fitowa daga zuciyar mutum tana rayuwa ne in ya ji shi ya zaɓa, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana cikin mutanen da suka karɓe shi. Deci ma ya taɓa gwaji a 1971, ya biya wasu ɗalibai kuɗi a kan wani wasan wasa ƙwaƙwalwa, da aka daina biya sai sha'awarsu ta ragu. Kuɗi da tsawa duk suna iya sa yaro gudu yau, amma ba su ne ke sa shi ya fito gobe da kanshi ba. Ku leƙa maƙwabtanmu. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak tana kallo, mu ma nan muna bi a rediyo da waya. Su Kantu na Maraɗi da Issaka Issaka na Dosso ba daga sama suka faɗo ba. Kokawa abu ne da yaran ƙauye ke yi a kan yashi don daɗi, a cikin dubban masu yi ne ake samun zakara ɗaya. Sauran dubban kuma ba su yi asara ba, sun tashi da jikinsu.

To me na yi da ɗan yayata? Ban mayar da shi cikin taron nan ba. Na bar ƙwallon ma gaba ɗaya. Na dunƙule tsohuwar safa, muka tsaya a tsakar gida, taku biyu tsakaninmu, ina jefa mashi a hankali. Ranar farko cikin goma ya cafe uku. Ban ce mashi ya yi ƙoƙari ba, ban ce ya kasa ba, ƙirgawa kawai muke yi tare. Da ya kai bakwai na ja baya taku ɗaya. Muka jera gwangwanaye yana jifa. Ƙanwarshi ta shigo, 'ya'yan maƙwabta suka shigo, uwarshi da ta ce rago ne ta tuna carafke, ta zauna ta cinye mu duka. Bayan sati uku da la'asar ina zaune sai ga shi da safar a hannu, ya ce, Kawu ba za mu yi ba yau? Har yanzu bai zama gwani ba, kuma har yanzu a kango gola ake tura shi. Amma ya daina rufe ido, shekaranjiya ma ya tare ɗaya da ƙirji, ya shigo gida yana ba kowa labari har da maimaici.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga 'yan'uwana matasa, mu da muka gama karatu muke zaune a majalisa muna gardamar Arsenal da Barcelona. Mu ne na ƙarshe da suka san dokokin langa. In kana da rabin awa da la'asar, tara yaran layinku da rana tsaka-tsaki, inda iyaye ke ganinsu, a tashi kafin magariba. Ka fara da wanda ke raɓe a jikin bango, ba da gwanin ba. Kada ka bar yara biyu su zaɓi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, kai ka raba, don kada a samu na ƙarshe. Gola kuma a riƙa karɓa-karɓa. 'Yan'uwa mata, ku ma tsakar gida ta ishe ku da alli ko gawayi. Masu unguwanni da kansiloli, a taimaka a bar wa kowace unguwa ko da fili ɗaya da ba za a yanka ba, filin makarantar firamare kuma a bar yara su shiga da yamma.

Ni da abokaina biyu za mu fara ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, da langa da 'yar gala-gala, na riga na nemi izinin mai unguwa. Ku rubuto mana a ƙasan shirin nan wasan da kuka yi kuna yara da yadda dokokinshi suke a garinku, musamman mutanen Maraɗi da Ɗan Isa da Batsari, don na lura sunayen na bambanta, ina son mu tattara su. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.